Hajiya ba ta jin Turanci: ta zauna jarrabawar tarihin Amurka ko mu nemi takardar likita?

Tambaya: Malam, a Bronx, cikin birnin New York, nake zaune. Mahaifiyata shekararta 67, ta yi shekara 21 da katin zama na dindindin, yanzu tana son zama 'yar ƙasa. Ba ta jin Turanci, tarihin Amurka kuwa ko sunan shugaba ɗaya ba ta riƙe ba. Wani ya ce in biya shi ya samo mata takardar likita a yafe mata jarrabawar. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, doka ta riga ta sauƙaƙa wa Hajiya. Wanda ya kai shekara 65 kuma ya yi 20 da katin, tambayoyi 20 kacal zai karanta. Jami'in USCIS, hukumar da ke kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa a Amurka, zai yi mata 10, ta ci 6 ta wuce. Da Hausa za ta amsa, ta bakin tafintan da za ta zo da shi. Abubuwa ne irin su George Washington, da Abraham Lincoln da 'yanta bayi, da Martin Luther King, da ranakun hutun ƙasa kamar 4 ga Yuli. Idan ta faɗi, za a sake kiranta tsakanin kwana 60 zuwa 90.

To, sai batun mutumin nan. Wallahi na gaji da irinsu, kullum sai an kawo mini wannan magana. Takardar da yake nufi ita ce N-648, kuma an yi ta ne domin mai larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ta kai ko za ta kai wata 12, wadda ta hana shi koyo. Tsufa kaɗai ba ya cikin sharaɗi, rashin zuwa makaranta ma haka. Likita mai lasisi ne ke cikewa bisa rantsuwa, ya bayyana yadda cutar ta hana ta koyo.

Ka hango ranar ganawa. Hajiya ta ɗaga hannun dama ta rantse za ta faɗi gaskiya, takarda a gaban jami'i ta ce tana da ciwon mantuwa, ita kuwa ras take lissafo jikokinta da shekarar da ta shigo ƙasar. Me za ta ce? Ƙarya bayan rantsuwa tana iya sa a hana ta zama 'yar ƙasa, ko an ba ta ma ana iya zuwa kotu a ƙwace daga baya. Shi dillalin ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya, ita ce sa hannunta ke jikin takarda. Saboda tambayoyi 20 za a sa dattijuwa ta yi rantsuwar ƙarya? Haba!

Ka sauko da tambayoyin daga shafin USCIS na intanet, domin an sauya jarrabawar ga masu cike takardar neman zama ɗan ƙasa daga 20 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin da ke yawo a WhatsApp na iya ɓatar da ku. Ka naɗa mata su da Hausa a waya, tana saurare bayan sallar asuba, biyu-biyu a rana. Sunan shugaban ƙasa kuwa ku sake dubawa ana gobe ganawa.