Amsa ga malamar da ɗalibinta yake ji yau, gobe ba ya ji

Malama, barka da ƙoƙari. Kin ce akwai yaro a ajinki na firamare uku wanda wani lokaci yakan amsa idan an kira shi, wani lokaci kuma sai a yi ta kira bai waiwayo ba, shiftarsa cike da kurakurai, har wasu malamai sun yanke cewa kunnen ƙashi ne kawai, kina tambayar ko matsalar ji ce da kuma abin da ya kamata ki yi. Na daɗe ina koyar da yara masu raunin ji a cikin azuzuwan da suke haɗe da masu ji, kuma abin da kika bayyana ya yi kama da abin da na saba gani, ko da yake gwaji ne kaɗai zai tabbatar.

Jin sauti daban ne da fahimtar magana. Yawancin yaran da ke da raunin ji ba kurame ba ne gaba ɗaya. Suna jin muryar malami, amma kalmomin suna iso musu a gutsure. Wasula suna da ƙarfi, sai baƙaƙe masu siririn sauti irin su s da sh da f da ts su ɓace, musamman ga wanda rauninsa ya shafi sautuka masu tsini. Saboda haka yaron da yake jinki sarai idan kuna biyu a ofis shiru zai iya rasa rabin darasi a cikin aji mai hayaniya, kuma wannan bambancin ne yake sa manya su ce yana ji idan ya ga dama. Ni dai ba na yarda a kira yaro mai taurin kai kafin a duba kunnensa, domin na ga yadda wannan hukuncin yake kashe wa yaro gwiwa har ya daina ɗaga hannu a aji.

Raunin ji iri biyu ne manya. Akwai wanda sauti yake kasa wucewa ta kunnen waje ko na tsakiya, saboda dattin kunne ya toshe hanya, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, ko dodon kunnen ya huje yana fitar da mugunya. Wannan nau'in sau da yawa yana warkewa da magani, kuma shi ne yake hawa yana sauka daga mako zuwa mako, don haka shi na fi zato a kan ɗalibinki. Akwai kuma wanda ya shafi kunnen ciki ko jijiyar ji, wanda kan biyo bayan sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a jarirai, wasu magunguna irin su jentamaisin, ko kuma gado, kuma shi galibi ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya suna da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara yana faruwa ne ta dalilan da za a iya kaucewa. Ki zauna da iyayensa cikin natsuwa, ki faɗa musu abin da kika lura da shi ba tare da kin sanya wa abin suna ba, ki tambaye su ko yana yawan ciwon kunne ko yana kusantar rediyo sosai, sannan ki ba su shawarar kai shi wurin likitan kunne a auna jinsa. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, domin yaro yana iya jin tafi ya kasa jin magana.

Kafin sakamako ya fito akwai abin da ke hannunki, kuma a nan ne aikin yake. Tazara tana cinye murya: duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Ki matso da shi layi na farko ko na biyu, nesa da ƙofa da taga da fanka, a wurin da zai ga fuskarki ya kuma iya juyawa ya ga abokansa. Idan kunne ɗaya ne mai rauni, mai lafiyar ya fuskanci inda kike tsayawa. Kada ki yi magana kina rubutu a allo kin juya baya, kada ki tsaya a gaban taga haske ya duhunta fuskarki, kuma ki kira sunansa ki jira ya dube ki kafin ki ba da umarni. Ihu ba ya taimakawa, yana ma gurɓata sauti da siffar leɓe. Idan bai gane jimla ba, ki sake faɗarta da wasu kalmomi maimakon maimaita ta yadda take.

Abin da malamai suka fi mantawa shi ne amsoshin sauran ɗalibai. Yaro daga bayan aji ya yi tambaya, malama ta amsa, mai raunin ji ya ji amsa bai ji tambaya ba. Ki riƙa maimaita abin da ɗalibai suka faɗa, ki rubuta sababbin kalmomi da aikin gida a allo. Kada kuma ki tambaye shi ko ya gane, domin zai gyaɗa kai don gudun kunya. Ki ce ya faɗa miki abin da za a yi. Ki lura da gajiya ma, saboda cike giɓin kalmomi duk yini aiki ne mai nauyi, shi ya sa irin waɗannan yaran suke yin sanyi a darussan ƙarshe.

Idan aka ba shi na'urar ƙara ji, kada a ɗauka an gama. Tana ƙara hayaniyar aji tare da muryarki, kuma tana buƙatar a duba batirinta kowace safiya. Idan kuma gwaji ya nuna raunin mai tsanani ne, ki ƙarfafa wa iyayen gwiwa su koyi maganar hannu tare da shi, domin mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma yaren hannu cikakken harshe ne da yaro zai yi tunani ya yi karatu da shi. Ki tambayi yaron kansa, a keɓe, wane wuri ne ya fi jinki a ajin, ki kuma nemi yardarsa kafin ki yi wa abokansa bayani.