Nonon firiza da maikirowef

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a Jos, ina da goyon wata huɗu. Nakan tatsi nono in sa a firiza kafin in fita. Jiya na tarar ƙanwata ta narkar da shi a maikirowef don yaron yana ta tsala kuka. Da illa? Daga wata uwa a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki hana ta tun yau.

Na'urar tana sakin wata igiyar lantarki da ido ba ya gani, mai kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, ita ke girgiza ƙwayoyin ruwa su yi zafi. To amma ƙanƙara ba ta shan wannan igiya kamar ruwa. Da wani lungu ya fara narkewa sai ya riƙa janye zafin har ya tafasa, tsakiya kuwa tana nan daskare. Kin taɓa sa daskararren kifi, wutsiya ta dahu amma cikin kamar dutse? Haka nonon yake yi. Ki taɓa fida ki ji ɗumi-ɗumi, alhali a ciki akwai inda zai ƙona bakin jariri, ga zafin yana lalata wasu sinadaran garkuwar da Allah ya zuba a nonon uwa.

Na yi shekaru a ɗakin ajiyar jini. Ruwan jinin da aka daskarar, a ruwan ɗumi mai digiri 37 muke tsoma ledarsa, mu jira wajen minti 30, ko da likita na tsaye a kanmu.

Masana dai ba su haƙura da neman hanyar narkar da daskararren abu ciki da waje lokaci guda ba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun ɗura ƙananan ƙwayoyin ƙarfe a jijiyoyin ƙodar ɓeraye, suka daskarar da ita har kwana 100. Da maganaɗisu suka zafafa ƙwayoyin ƙarfen, ƙodar ta yi ɗumi ciki da waje lokaci guda, aka dasa wa ɓeraye biyar, suka rayu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai wankin ƙoda zai yi addu'ar abin ya kai ga mutane.

Ke kuma, ki sauko da kwalbar zuwa firji tun dare, ko a tsoma ta a kwanon ruwan ɗumi, a ɗiga a bayan hannu kafin a ba shi. Wanda ya narke a firji a shanye cikin awa 24, wanda aka ɗumama cikin awa 2. In an ɗauke wuta ya narke gaba ɗaya, kada a sake daskarar da shi.