Mura ta lafa, zazzaɓi ya dawo da haki: me ke damun ɗana?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 2 ya yi kwana biyar yana mura da tari. Tun ranar farko na karɓo masa Septrin a kemis don kada abin ya yi nisa. Har ya warware ya fara wasa, sai shekaranjiya jikinsa ya sake ɗaukar zafi, yana haki, ya ƙi abinci. Mai kemis ya ce a koma allura. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ki ɗage masa riga lokacin da yake kwance ba ya kuka, ki saita agogon wayarki, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif. Ga yaro mai shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11 ma'aunin 50 ne, jaririn da bai kai wata 2 ba kuma 60. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba ya tasuwa, kada ki jira gari ya waye. Ki kai shi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Dantsoho, duk wanda ya fi miki sauƙi, a auna iskar jininsa. Ƙasa da kashi 90 sai an sa masa iska. A yi masa gwajin maleriya kuma.

Abin da kika bayyana ya fi kama da limoniya, wato ciwon huhu, da ta biyo bayan mura. Bairas ɗin mura yana lalata 'yan gashin da ke share hanyar iska, majina ta taru, ƙurar hunturu da hayaƙin murhu su ƙara. Bakteriyar da dama can take zaune lafiya lau a bayan hancin yaro, musamman numokokas, sai ta samu ƙofa ta gangara huhu. Wani yaron kunne take shiga, ya kwana yana kuka yana jan kunne har mugunya ta fito. Sauƙi sannan komawa baya, shi ne alamar da muke nema.

To ga inda ake cutar yara kullum. Maganin kashe bakteriya irin su Septrin ba ya taɓa bairas, kuma ba shi wa yaro mai mura a ranar farko ba ya hana limoniya zuwa. Ga ɗanki nan, ya sha bai hana ba. Abin da yake yi shi ne ya karkashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi ya bar masu taurin kai, ya kuma jawo gudawa, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Wai majina ta koma kore, don haka sai Ampiclox. Wa ya ce? Majinar mura takan yi kauri ta canja launi bayan 'yan kwanaki ko babu bakteriya ko ɗaya. Mai kemis bai ɗora yaron a sikeli ba, bai ƙirga numfashinsa ba, bai leƙa kunnensa ba, ya ƙulla magani kala huɗu a leda ya ce safe da yamma. Uwa ta ba da kwana biyu, jiki ya yi sanyi, ta ɗora ragowar kwalbar kan sif ta jira ƙaninsa. Ruwan maganin da aka riga aka haɗa, in ya wuce mako a zafin garin nan, na zubarwa ne. Ita kuma allurar da ake ganin ta fi ƙarfi, yaron da ke iya haɗiya kuma ba shi da alamun haɗari ba ya buƙatarta, wanda ke buƙatarta kuwa gadon asibiti ne wurinsa. In a kemis aka yi ta, ƙurji ko taɓa jijiyar ƙafa kawai za a saya masa.

In an tabbatar limoniya ce babu alamun haɗari, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne amoksisilin mai narkewa a ruwa. Ƙwaya ɗaya miligiram 250 ce. Ɗan shekara 2 yakan sha biyu da safe biyu da dare har kwana 5, amma bari ma'aikacin lafiya ya yanke bisa nauyinsa. A narka a ɗan ruwa mai tsabta, ya shanye duka, in ya amayar nan take a sake ba shi. A cika kwanakin ko da ya miƙe yana guje-guje a rana ta biyu. Farasitamol don zazzaɓi, ruwa da kunu kaɗan-kaɗan akai-akai.

Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu allurar Penta da PCV (ta rigakafin numokokas) na mako 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9. Ki tafi da kwalbar Septrin ɗin ma, likita ya ga abin da ya sha da yawansa. In an sallame ku kuma bayan kwana uku hakin bai ragu ba, ku koma, ko kafin nan in ya ƙara tsananta.