Tambaya da Amsa: Yaushe kuɗin babur zai koma rabi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar SS3 ce daga Ƙofar Ƙaura nan Katsina, an ba mu lissafi wai babur na naira 500,000 darajarsa tana faɗuwa kashi 20 cikin ɗari duk shekara, yaushe zai koma rabi? Na ce shekara biyu da rabi tunda 20 da 20 da 10 hamsin kenan, malaminmu ya soke ya ce sai da log. Don Allah ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, wallahi na ji daɗin tambayar nan don wurin nan yana kada ɗalibai sosai. Kashi 20 ɗin daga abin da ya rage ake cire shi, ke kuma kin yi ta cirewa daga kuɗin farko. Duba, shekarar farko ya koma 400,000, ta biyu 80,000 kawai zai fita saura 320,000, ta uku 256,000, kin ga shekara uku cur bai ma sauko 250,000 ba, wato rabin.

To duk shekara ana ninkawa da 0.8 ne, sai ki rubuta 0.8^n = 0.5, n shi ne adadin shekarun, 0.5 kuma shi ne rabi. Matsalar ita ce n ya haye sama, aikin log kuwa ya sauko da shi, ki sa log a ɓangare biyun ya zama n × log 0.8 = log 0.5. Kalkuleta za ta ba ki -0.0969 da -0.3010, ki raba na biyu da na farko, alamun ragi su cinye juna, n ya fito kusan 3.1, wato shekara uku da wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Amma in da teburin fo-figa, wato jadawalin da ake duba log a ciki, kike aiki ki kula don Allah, log 0.5 zai fito 1.6990 da ɗan layi a kan 1 ɗin, 1 ɗin ne kaɗai ragi, -1 + 0.6990, shi ne -0.3010 ɗin nan, masu raba shi haka nan kai tsaye suna zubar da maki a banza kuma abin yana min ciwo.

Da irin lissafin nan ake gano shekarun tsohon ƙashi ko gawayi da aka tono, sinadarin kabon-14 yana komawa rabi duk shekara 5,730, in kashi 30 ya rage sai ki raba log 0.3 da log 0.5 ki ninka da 5,730. Ki gwada shi yau da daddare, ya kamata ki samu wajen 9,950.