Kafin Ka Tsawaita Harsashi, Auna Kafaɗar Kwanso

Malam, ka tambaya ko tsawaita harsashi har ƙwayarsa ta taɓa tsagin cikin bututu zai tara maka harbi wuri guda, tunda bindigarka mai lamba .308 tana warwatsawa duk da ka bi tsawon inci 2.800 da littafin cika harsashi ya bayar. Ni ma da tsawon na fara, kuma na ƙona albarushi mai yawa kafin na gane cewa tawa matsalar a kafaɗar kwanso take, wato inda kwanson tagulla na harsashi yake tsukewa zuwa wuyan da ke riƙe ƙwaya.

Ma'aunin da ƙungiyoyin tsara awon harsashi, SAAMI ta Amurka da C.I.P. ta Turai, suka gindaya an yi shi ne domin harsashin kowace masana'anta ya shiga kowace bindiga mai wannan lamba, shi ya sa ake barin ɗan sarari. Kwanson da ka harba a bindigarka kuwa ya kumbura ya ɗauki siffar mazauninsa, saboda haka shi ne ma'auninka na gaskiya. Ka auna shi daga gindi zuwa kafaɗa, sannan ka saita abin matse kwanso ya mayar da kafaɗar baya da inci 0.002 kawai, idan bindigar mai sakata ce. In ka zarce haka, tagullar za ta riƙa miƙewa a kowane harbi har wata rana kwanson ya tsinke kusa da gindi. Na daɗe ina matse wuyan kwanso kaɗai, amma bayan cikawa uku ko huɗu sai sakata ta fara gardamar rufuwa, don haka na bari.

Sai bayan wannan za ka waiwayi zurfin ƙwaya. Ka gano inda take taɓa tsagin, ka ja baya da inci 0.020, ka harba biyar-biyar a yadi 100, kana sauya zurfin kaɗai. Cusa ta cikin tsagin yana ɗaga matsin wuta, kuma na taɓa zare harsashin da ban harba ba, ƙwayar ta maƙale, albarushi ya zube cikin bindigar. Duk lokacin da ka matso da ita gaba, ka koma mafi ƙarancin awon albarushin da littafi ya bayar ka hau a hankali, kuma da zarar sakata ta yi tauri wajen buɗewa ka dakata. Maƙogwaron bututu, wato farkonsa inda tsagin yake somawa, yana cinyewa da yawan harbi, saboda haka awon bana sai an sake shi baɗi.