Hukuncin wanda ya harbe kamamme bisa umarnin shugabansa

Tambaya: Malam, ni jami'in tsaro ne mazaunin Kaduna. A wani aiki da muka fita cikin dajin Birnin Gwari, mun kama wani mutum bayan ya yar da bindigarsa ya ɗaga hannu, sai shugabanmu ya umarci abokin aikina ya harbe shi, ya kuwa harbe. Yanzu barci ya ƙaurace masa, yana ta cewa alhakin yana wuyan wanda ya ba da umarni. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Ɗan'uwana, rashin barcin nan alama ce ta zuciya mai rai, amma umarnin shugaba ba ya sauke alhakin jini daga wuyan wanda ya danna kunamar bindiga. Manzon Allah (SAW) ya ce biyayya tana cikin abin da yake alheri ne kawai, kuma malamai sun haɗu a kan cewa ko barazanar kisa aka yi wa mutum, bai halatta ya fanshi ransa da ran wani ba. A mazhabar Malikiyya ƙisasi yana hawa kan wanda ya tilasta da wanda aka tilasta gaba ɗaya, Imam Abu Hanifa kuwa ya ɗora shi a kan mai tilastawa, ba tare da ya wanke ɗayan daga zunubi ba.

Abin da ya fi kama da matsalarku shi ne ƙissar ƙabilar Banu Jazima da ke cikin Bukhari. Khalid ɗan Walid ya umarci kowa ya kashe kamammen da ke hannunsa, sai Abdullahi ɗan Umar ya rantse cewa shi da mutanensa ba za su kashe ba. Da labari ya isa ga Annabi (SAW), sai ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, malaman tarihi kuma suka ruwaito cewa ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyya. Khalid ne fa, Takobin Allah, a tsakiyar yaƙi, amma ba a rufe maganar ba.

Wanda ya miƙa wuya, ko da ɗan fashin daji ne da ya zubar da jinin bayin Allah, hukuncinsa yana gaban alƙali. Dokar zamani ma haka ta ce: Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 kan dokokin yaƙi, waɗanda Najeriya take cikinsu, sun hana kashe wanda ya ajiye makami, kuma tun shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, wadda aka yi wa shugabannin Jamus na zamanin Hitler bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka daina karɓar "umarni aka ba ni" a matsayin hujjar wanke kai.

Don haka abokinka ya tuba ga Allah tuba na gaskiya, ya nemi lauya, ya kai maganar ga hukumar da ke da hurumin bincike, domin haƙƙin magadan mamacin, na ƙisasi ko diyya ko yafiya, istigfari kaɗai ba ya goge shi. Kai kuma da ka gani da idonka, idan aka kira ka shaida, haramun ne ka ɓoye. Wallahu a'alam.