Amsa Kan Auna Laisin a Madarar Gari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin auna laisin, ɗaya daga cikin sinadaran amino asid da ke gina furotin, a madarar garin da ta daɗe a ajiye har ta fara yin ja, sai sakamakon ya fito kusan ɗaya da na sabuwa, kina tambaya ko na'ura ce ta lalace. Na'urarki lafiya lau take, hanyar awon ce ke ɓoye miki ɓarnar.

Idan madara ta sha wuta, ko ta jima a wuri mai zafi da danshi, sukarin cikinta, wato laktos, yakan ɗaure laisin. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Maillard, shi ne ya bayyana irin wannan haɗuwa a 1912. Laisin da aka ɗaure haka, jiki ba ya moriyarsa. Ke kuma kin dafa samfurin cikin asid mai ƙarfi, digiri 110 na awa 24, yadda aka saba. To asid ɗin nan yakan kwance wani kaso na ɗaurarren, na'ura ta ƙirga shi tare da mai lafiya.

Shi ya sa mu a wurin aikinmu muke fara yi wa mai lafiyar alama kafin asid. Hanyar Carpenter ta 1960 ke nan: sinadarin FDNB yana kama laisin da ba a ɗaure ba, ya ba shi launin rawaya, sai a auna launin. Sai dai sukari yakan lalata wani ɓangare na launin a lokacin dafawa, kuma madara cike take da sukari. Don haka ki zuba laisin da FDNB ya riga ya kama, wanda kika san yawansa, a wani samfurin, ki ga nawa ya dawo, ki gyara lissafi da shi. Don Allah ki sa safar hannu, FDNB yana cutar da fata.

Hanyar sinadarin OPA, wanda shi ma yake kama laisin da ba a ɗaure ba, ta fi sauri, mintuna ne. Amma ni na fi natsuwa da auna furosin, wanda ke fitowa daga ɗaurarren laisin a cikin asid ɗin da kika riga kika dafa. In kuna da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna kowanne, ki fara da furosin ɗin.

Abin yana damuna ne saboda gero, dawa da masara duk laisin ɗinsu kaɗan ne, kuma don cike wannan giɓi ake zuba madara a kunun yaran da aka yaye. Awon Kjeldahl, wanda ake gane yawan furotin da shi, ba zai nuna miki komai a nan ba, naitirojin kawai yake gani. Ki ajiye wani ɓangare na sabuwar madarar a firiza, ki riƙa auna su tare a rana guda.